Wa Zai Riƙe Igiyar Murja

Shafi na 27

Da sunan Allah nake ɗorawa. Ku yi mini afuwar shirun kwana biyu, wayata ce ta faɗa cikin ruwan wanki, sai jiya mai gyara ya tashe ta. Na karanta saƙonninku duka, na masu cewa a bar Murja ta tafi da na masu cewa ba a taɓa yi ba. Ga waɗanda suka shigo yanzu, ga inda muke: Murja malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, an zaɓe ta cikin tawagar mahaya duwatsu na Afirka da za su yi watanni a tsaunukan Maroko. Mahaifinta Malam Hamma ya amince bisa sharaɗi biyu. A gidan mace za ta sauka, kuma ƙawarta Dina ce za ta riƙe mata igiya, ba wani ba.

*

Tun tsakiyar mako kayan suka iso, amma Murja ba ta buɗe ko kwali ɗaya ba. Baba ya riga ya ce duk abin da ɗiyarsa za ta rataya ranta a kai, sai ya taɓa shi da hannunsa tukuna. Don haka ranar Asabar da hantsi ita da Dina suka ɗauki shatar mota daga Dutsin-Ma, suka cika but da kujerar baya, suka nufi gida, Kurfi.

Tun daga bakin layi Murja ta gane labari ya riga ta isowa. Dattawan unguwa sun cika bencin ƙofar gida, Baba na tsakiyarsu sanye da farar rigar da ba ya fitar da ita sai Juma'a. Dama an gaya mata babu wanda ya rage a kara, kasuwar dabbobi, bai ji ba. Duk wanda ya zo cinikin sa ko tunkiya, kafin a kai ga farashi sai ya ji cewa ɗiyar Hamma za ta Maroko hawan dutsen da gajimare ke kwana a ƙugunsa.

Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Dina ma ta durƙusa, Baba ya amsa mata da fara'a yana tambayar mijinta Eric da wurin aiki. Shekaru ke nan da Dina ta zama 'yar gida. 'Yar Pankshin ce, aikin ɗakin gwaje-gwaje ya kawo ta Dutsin-Ma. Ita ce ta taɓa tare Murja ran da ƙafarta ta zame a saman dutse, igiya ta saɓule mata fatar tafin hannu amma ba ta saki ba. Tun ranar da Baba ya ga wannan tabon ya daina kiranta ƙawar Murja, sai dai ɗiyata Dina.

Cikin gida ne fara'ar ta ragu.

Gwaggo Rekiya, yayar Baba, tana zaune bisa tabarma a inuwar tsamiya da carbi a hannu. Tun da sassafe ta hau mashin daga Birchi. Mace ce da ta yi zaman Makka tun tana da ƙuruciya bayan rasuwar mijinta, ta dawo da haƙorin zinari da bakin da ba a kayar da shi. Ko Baba, da furfurarsa, idan ta yi gyaran murya sai ya gyara zama.

Inna ta ja Murja gefe ta raɗa mata cewa Gwaggo ba ganin kaya ta zo ba, rushe tafiya ta zo yi, ta kiyaye harshenta.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Murja ta riƙa fito da kayan tana jerawa, Baba ya shigo ya tsuguna a gefe. Ga hular kwano fara. Ga takalma ƙanana matsattsu masu baƙar roba, waɗanda Inna ta rantse ko 'yar shekara goma ba za su shiga ba. Ga ƙugiyoyin ƙarfe masu yawa suna ƙara kamar mundaye. Ga 'yar jaka ta garin alli da ake shafawa a hannu saboda gumi. Ga fitilar goshi, ga ɗan risho da bai fi kofin shayi girma ba, ga tanti a naɗe, ga bargo mai zif da mutum ke shiga cikinsa kamar buhu.

Inna ta ɗaga bargon ta juya shi, ta ce ita dai bai yi mata ba, ya yi kama da abin da ba a faɗa. Dina ta yi dariya ta bayyana mata irin sanyin can, wanda ruwa ke daskarewa a buta kafin asuba. Jin haka Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin da ta haɗa: yaji, kuka, daddawa, garin kunu, da kilishi mai yawa. Da Murja ta ce ba za a bar ta ta ƙetare da nama a filin jirgi ba, Inna ta ji haushin mutanen filin jirgin ƙwarai, ta ce ai sai su ɗanɗana su ji kafin su yanke hukunci.

Igiyar ce ta ƙarshe. Murja ta miƙa wa Baba ita da hannu biyu.

Malam Hamma ya san igiya. Da ita ya tashi, tun yana ƙaramin makiyayi yana tufka rama a gindin gawo. Ya warware ta a hankali, ya bi ta da yatsu taƙi bayan taƙi, ya lanƙwasa, ya murɗa, ya kai hanci ya shinshina. Ya tambayi dalilin da take miƙewa kamar roba, Murja ta ce don idan mutum ya faɗo kada ta fizge masa baya ne, ta karɓe shi da sauƙi. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallonta.

"Wagga ko bajimi ta riƙe," in ji shi.

Murja ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Wannan ita ce shaidar da take jira, ta fi mata duk takardun da suka zo cikin kwalin.

Sai Gwaggo ta ajiye carbi.

"Kun gama wasan yaran?"

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Hamma, ni ban zo don igiya ba. Igiya ba ta taɓa zubar da mutuncin gida ba. Ke Murjanatu, dube ni. Ina za ki kwana?"

Murja ta gyara zama ta yi bayani a natse. Ƙauye ne a can cikin tsaunuka, inda mota ke tsayawa sai alfadarai su ɗauki kaya. Akwai wata dattijuwa mai suna Lalla Itto da ke saukar da baƙi, ta ware wa matan tawagar sashe guda na gidanta. A can za su riƙa kwana, sai ranakun da hawan ya yi nisa ne za su kafa tanti a gindin dutse, mata a gefe guda, maza a nasu gefen.

"Wa ya gaya miki?"

"Shugabar tafiyar, Gwaggo."

"Ta rantse?"

"A rubuce ta turo."

"Rubutu." Gwaggo ta taɓe baki. "Ni na yi zaman ƙasar waje, yarinya. Na ga waɗanda aka yi wa alkawarin bene suka kwana a ƙarƙashin gada. Matar da kike faɗa, kin taɓa ganin idonta?"

Murja ta ce sun taɓa magana sau ɗaya ta waya mai hoto, amma ba su fahimci juna sosai ba, ita ba Larabci, matar ba Turanci.

"Kira mini ita."

"Yanzu?"

"A'a, sai kin dawo."

Sai da aka yi ta gwadawa kafin layin ya shiga, Murja na zagaya tsakar gida da waya a sama, daga ƙarshe a kusa da rumbu aka samu. Fuskar wata dattijuwa ta bayyana, jajir da ita, da ɗankwali mai furanni da ɗan zanen shuni a haɓa. Bayanta kuwa wani jan dutse ne ya tokare sama, har ba a ganin ƙarshensa a cikin wayar.

Baba ya leƙa ya ga dutsen.

Gwaggo ta karɓe wayar ta riƙe ta nesa da fuska kamar madubi, ta yi sallama, ta ɓarke da Larabcin kasuwar Makka. Da farko matar ta yi sororo. Nata harshen daban ne, Larabcin ma na ƙasarsu ne, amma da ta kira 'yarta ta tsaya a gefe tana taimakawa, zance ya kama hanya. Gwaggo ba ta bar komai ba. Ta sa aka zagaya da ita gidan ɗaki bayan ɗaki. Ta ga ƙofar sashen mata, ta ce a rufe a buɗe ta ga sakatar. Ta tambayi makewayi, ta tambayi inda ake ɗumama ruwan alwala, ta tambayi wanda ke yanka. Ta sa aka nuna mata alƙibla daga cikin ɗakin da Murja za ta kwana. Ta tambayi maza nawa ne a gidan, matar ta ce mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna birni, ita ce ta gina sashen baƙin da kanta da kuɗin saƙar darduma.

A nan muryar Gwaggo ta canja.

Ba wanda ya san abin da suka faɗa wa juna bayan haka. An dai ga Gwaggo ta nuna ƙirjinta, ta ɗaga yatsu tana nuna shekarunta ran da aka bar ta da marayu, matar kuma ta dafe nata ƙirjin tana gyaɗa kai. Can sai ga su suna dariya, haƙorin zinari na walƙiya. Gwaggo ta jawo Murja ta manna fuskarta da tata a gaban wayar, ta faɗi wata kalma da ƙarfi har sau biyu.

Da aka kashe, Baba ya tambaye ta mi ta ce.

"Na ce mata amana." Gwaggo ta miƙa wayar tana gyara mayafi. "Wagga mata ta san mi ake nufi. Ta ce in ɗiyarmu ta yi tari da dare sai ta ji."

Ta juya ta dubi Murja daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinta.

"Dutsen da na gani bayanta, shi za ki hau?"

"Shi da 'yan uwansa, Gwaggo."

"Da waɗanne kaya?"

Murja ta fito da ɗinkin da telanta na Dutsin-Ma ya yi mata: wando mai faɗi da aka tsuke a idon sawu, riga mai dogon hannu har gwiwa, da ƙaramin hijabi da ke zama daram a ƙarƙashin hular kwano. Gwaggo ta ja ɗinkin ta ga ƙarfinsa, ta ɗaga shi a rana ta ga ba ya nuna jiki. Ta ninke ta ajiye.

"Kakarmu Hawwa'u," ta ce da Baba, "ita kaɗai ta kora garke daga nan har Damargu ta ƙasar Nijar shekarar da maza suka kwanta ciwo. An ce ba ta bar ko maraƙi a hanya ba. Na daɗe ina neman inda jininta ya ɓuya cikin gidan nan. Ashe ga shi."

Inna ta juya baya tana share ido da bakin zane. Baba kuwa ya miƙe tsaye, ƙirji a gaba, ya ce saura abu ɗaya. Yana son a gwada masa a nan, a gaban idonsa, yadda ɗiyarsa Dina ke riƙe igiyar, don in an tambaye shi a majalisa ya ba da amsar wanda ya gani.

Murja ta shiga ɗaki ta sauya kaya, ta sa ɗamararta, wata aba mai madauri a ƙugu da cinyoyi wadda ake ɗaura igiya a jikinta. Kafin a ce mene ne ta haye tsamiyar, ta maƙala ƙugiya a babban reshe, ta zura igiyar ta sauko. Matan maƙwabta har sun fara leƙe ta saman katanga.

Ta ɗauki ɗaya ɗamarar ta miƙa wa Dina.

Dina ta karɓa ta tsaya tana kallonta.

Murja ta ce ta yi sauri mana, rana na yi. Dina ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ta biyu, ta jawo ta zuwa ƙugu. Da ta zo jan madaurin sai hannunta ya tsaya. Ta ja kaɗan ta saki. Murja ta matso za ta tsuke mata kamar yadda suka saba yi wa juna, sai Dina ta yi baya da sauri ta kare cikinta da tafin hannu.

Abu ne na ƙiftawar ido. Baba bai lura ba. Gwaggo ta lura.

Ta tashi ta kama hannun Dina, ta ce da Baba ya koma wurin baƙinsa, mata za su yi magana. Ta tura su ɗakin Inna ta saki labule.

"Ɗiyata, wata nawa?"

Dina ta zauna a bakin gado, ɗamarar na rataye a cinyoyinta. Sai hawaye.

"Ya shiga na uku, Gwaggo."

Murja ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ta san shekarun da Dina ta yi tana neman wannan abu. Ita ta raka ta asibiti a Katsina, ita ta zauna da ita lokutan da ciki ya zube, ita ta ji irin maganganun da dangin miji ke aikowa daga gida. Murna ta taso mata har wuya, sai wani abu mai zafi ya biyo bayanta.

"Yaushe kika sani?"

"Kafin a turo tikiti."

"Kika yi shiru."

Dina ta ce ta yi niyyar faɗa, kullum sai ta kasa. Ta san sharaɗin Baba. Ta san in ta janye, tafiyar Murja ta mutu, bayan duk asubancin da suka yi suna hawa kafin lokacin aiki, bayan duk dariyar da aka yi musu a gari. Don haka ta yanke cewa za ta je, ba za ta hau ko'ina ba, za ta tsaya a ƙasa ta riƙe igiya kawai.

"Kawai," in ji Murja. "Dina, ni kike gaya wa kawai? In na faɗo, ina igiyar ke fizga?"

Murja ta sake tambaya.

"A ina take fizgar mai riƙo?"

"A ƙugu."

"Ta ɗaga ki ta haɗa da dutse. Sau nawa ta yi miki haka a nan? Can kuma ƙauyen da sai alfadari. In wani abu ya taso cikin duwatsun nan, a bayan alfadari za a kai ki asibiti?"

"Zan kiyaye."

"Eric ya sani?"

Dina ta girgiza kai.

Inna ta yi salati a hankali. Gwaggo ta zauna kusa da Dina ta dafa bayanta.

Murja ta durƙusa a gabanta. Da hannunta ta kwance madaurin, ta zare ɗamarar daga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gefe.

"Kin ɗauka zan hau dutse in kai ƙololuwa, in ɗaga hannu a ɗauke ni hoto, alhali na taka ɗanki na hau? Haka kika san ni?"

"Murja, wannan damar ba za ta dawo ba."

"Dutsen yana nan tun kafin a haifi kakanninmu. Ba inda za shi. Wannan kuwa shekara nawa muna roƙonsa?"

Dina ta kifa kai a kafaɗarta ta yi kuka sosai, irin kukan wanda ya daɗe yana ɗauke da kaya shi kaɗai. Da ta lafa, ta ce to a rufa, kada a gaya wa Baba yanzu. A bari har su isa Abuja, sai ta ce rashin lafiya ya kama ta, lokacin Murja ta riga ta kama hanya.

Murja ta girgiza kai. Ta ce mutumin da ya bi igiyarta da yatsu taƙi bayan taƙi, ba za ta bi ta bayansa ta fita ƙasar waje ba. Ta miƙe ta ɗaga labule.

Baba bai koma wurin baƙin ba, yana tsaye a gindin tsamiya, yana riƙe da bakin igiyar da ke lilo. Ta durƙusa a gabansa ta gaya masa komai, ba ta rage ba, ba ta yi wa zancen kwalliya ba.

Ya saurare ta har ƙarshe. Daga nan ya ce a kira masa Dina. Ta fito tana jan ƙafa, kai a ƙasa. Ya yi mata addu'a doguwa, ya roƙi Allah ya raba lafiya, ya ce yau ɗin nan, kafin ta cire takalmi, ta gaya wa mijinta. Ya ce in namiji ne yana da maraƙi a garkensa, in mace ce karsana.

Sannan ya juyo ga ɗiyarsa.

"Kin san abin da na faɗa."

"Na sani, Baba."

"Gaban mutane na faɗe shi."

"Na sani."

"Kuma kika zo kika gaya mini da bakinki."

Ya dubi kayan da ke shimfiɗe a tabarmi, hular kwano na ƙyalli a rana, ƙullin yajin Inna a gefen tanti. Murja ta fara tattara ƙugiyoyin tana zubawa a kwali, a hankali, don kada su yi ƙara. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta roƙe shi ba.

Gwaggo ce ta ɗora ƙafa a kan kwalin.

"Bar su nan. Hamma, don mi ka ce sai Dina?"

Ya ce don yana son idon gida a kanta, wanda in abu ya faru zai dube shi ya gaya masa gaskiya.

"To ga idon gida." Ta nuna kanta. "Fasfona bai mutu ba, bara na sabunta shi don Umra. Shanuna biyu na wurinka, ka sayar da ɗaya. Na hau jirgi tun kana tsoron mota. Zan zauna wurin ƙawata in taya ta saƙa, in ga fitar ɗiyarmu in ga dawowarta."

Inna ta riƙe haɓa. Baba ya ce Yaya, alfadari fa aka ce. Ta ce ta hau raƙumi, alfadari ɗan uban wa.

Ya yi murmushi a karon farko, amma murmushin bai daɗe ba. Ya ce ya ji, ido ya samu, masauki ya samu. Saura hannu. Yaya ba za ta riƙe igiya ba. Ya umarci Murja ta kira shugabar tafiyar a gabansa, ta gaya mata gaskiyar abin da ake ciki, a ji ko akwai wata mace da za ta maye gurbin Dina. In akwai, kuma Yaya ta gan ta ta yarda da ita, shi zai koma majalisa ya warware maganarsa da kansa.

Murja ta koma kusa da rumbu ta kira shugabar tafiyar, Madam Beatrice, 'yar Kenya, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Matar ta taya Dina murna da zuciya ɗaya. Ta ce zuwan Gwaggo ba matsala, masaukin na da wuri. Murja na fassarawa, fuskar Inna na washewa.

Sai matar ta ce amma da sauran magana.

Ta ce dokar tawaga ba a hawa sai biyu-biyu, kuma matan duk sun riga sun haɗu da abokan hawansu. Mutum ɗaya ne ya rage ba shi da kowa, abokinsa ya karye a hannu makon jiya. Ta ce abin mamaki ma ɗan Najeriya ne, daga Dutsin-Ma, inda Murja ke aiki. Kuma tun da ya rasa abokin hawa aka ba shi sunaye ya zaɓa, ya ƙi kowa, ya ce mutum ɗaya ya yarda ya ba wa igiyarsa a duk tawagar, wato Murja.

Ta faɗi sunansa.

Murja ba ta fassara ba. Dina ta ɗago kai da sauri, idanunta a waje.

"Wa ta ce?" in ji Baba.

Babu wanda bai san sunan ba a gidan nan. Shi ne mutumin da ya tarar da Murja a gindin dutse tare da ɗalibanta a farkon fara hawanta, ya kwance igiyarta ya jefar cikin ƙaya, ya ce dutse ba wurin mata ba ne, ta koma ta koya musu tsallen igiya. Ranar a ɗakin Inna ta kwana tana kuka, Baba kuma ya yi rantsuwa cewa in suka haɗu, ɗaya zai ji kunya.

"Murjanatu, tambayarki nake."

"Zaharaddin ne, Baba."

Malam Hamma ya saki bakin igiyar. Ya gyara zaman hularsa, ya ɗauki sandarsa da ke jingine da rumbu, ya leƙa zaure ya ce a nemo masa direban da ya kawo yaran.

Inna ta biyo shi da sauri tana cewa la'asar ta kusa, ya san ba a son bin hanya in rana ta karkata, ina za shi?

Bai juyo ba.

"Dutsin-Ma. Murja, ɗauko igiyar ki biyo ni."